Wuyan Yanka

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da gidan Baba mahauci, a wani lungu da ke bayan Sama Road. Ba ta da tsawo. Ina ƙarama nakan taka turmi in leƙa, in ga ragunan da yake kiwo a turke, in ga matarsa, wadda duk yaran lungun ke kira Inna, tana tankaɗen gari a gindin dogon yaro. Mu Kirista ne, su Musulmi. Mahaifina ya rasu ina aji uku na firamare, ya bar ni da Mama, wadda ke koyarwa a wata ƙaramar makaranta. Shi ya sa Inna ke ce mata Malama. Ni kuwa "ɗiyata" take ce mini, tun ban san nauyin kalmar ba.

Akwai abin da muke yi tsakanin gidajen biyu, wanda babu wanda ya taɓa zama ya tsara shi. In Babbar Sallah ta zo, Inna ta aiko mana da nama ɗanye da soyayye. In Kirsimeti ya zo, Mama ta cika babbar kula da shinkafa da miyar kaji a kai musu. Don abincinmu ya ciyu gare su, ba ma yanka kajin a gida. Baba ake kai wa da sassafe, kafin ya tafi kwata. Yakan tona ɗan rami a ƙofar zaure, ya fuskanci gabas, ya taka fukafukan da ƙafa, ya ambaci sunan Allah, ya ja wuƙa sau ɗaya. Mama kuma takan ware wuyoyin ta soya su daban, ta zuba a wani ɗan kwano mai murfi. Wannan wuyan yanka ne, rabon wanda ya yanka.

Ban taɓa jin Inna ta tambayi wa ya yanka ba. Takan buɗe kular, ta shaƙi ƙamshin, ta ce Malama ta iya miya, ta ƙwala wa jikokinta kira.

Shekarar da abin ya faru ina ajin farko a jami'a. Ana saura kwana biyu Kirsimeti na ƙona cincin, tukunya guda, saboda na tsaya kallon yadda rana ke ratsa ganyen dogon yaro tana zane a ƙasa. Mama ta dubi baƙin cincin ɗin ta ce, "Ke jikinki ne kawai a gidan nan. Hankalinki ban san unguwar da ya kama haya ba."

Washegari, jajibiri, ta fita da wuri zuwa sharar coci tare da matan zumunta. Zakaru huɗu na ɗaure a bakin madafa. Tana ɗaura ɗankwali ta ce, "Ki kai su yanzu, kafin Baba ya fita. Yanzu na ce, ba in kin gama mafarki ba."

Na ce to. Sai dai akwai wata waƙa da nake rubuta wa matasan cocinmu, kan jaririn da aka kwantar a wurin cin dabbobi, baiti ɗaya kuma ya ƙi zama. Na ce bari in gyara layi ɗaya. Ina kan layin nan na ji an tayar da babur a bayan katanga. Na fita da gudu, zakaru biyu a kowane hannu, na tarar da hayaƙi kawai a lungu.

Ba wai hanya ta ƙare ba ne. Sakkwato ce. Mai shagon bakin lungu zai yanka mini, mai wankin hula zai yanka mini, duk namijin da ya fito daga masallaci zai yanka mini. Amma mai shago mutum ne mai barkwanci, na san kafin azahar zai ce wa Mama, "Malama, yau ni na gaji Baba," ita kuma ta gane na sake makara. Fuskarta ta jiya nake gani. Na koma gida, na rufe ƙofa, na ɗauko wuƙar da muke yanka albasa.

Ban taɓa yanka ko tantabara ba. Na kai su bayan ɗaki, na taka fukafukai yadda na saba ganin Baba na yi, na kau da kai. Wuƙar ba ta da kaifi. Ba zan ba da labarin yadda aka ƙare ba. Na rufe jinin da ƙasa, na dafa ruwa, na fige su. Ina fiɗa ina ce wa kaina yanka yanka ne, ai mu ma Allah muke bi.

Da Mama ta dawo ta ga nama a wanke, ta yi murmushi ta ce, "Baba ya yanka?"

"Ya yanka."

Kalmomi biyu ne, sun fito ba tare da sun taɓa komai a hanya ba.

Ya kamata in faɗi wani abu game da kaina a nan. Ni ba mai manyan ƙarairayi ba ce. Nawa ƙanana ne, masu santsi. Na kusa isowa, alhali ban sa takalmi ba. Na karanta, alhali bangon littafin kawai na gani. Ban ji kiran ba. Tun ina yarinya na lura in na jera magana da kyau fuskokin mutane kan saki, ni kuma ba na son ganin fuska a ɗaure. Da baiwar da nake rubuta waƙa da ita nake yin wannan ma. Ban ɗauke shi zunubi ba. Na ɗauke shi kamar man da ake ɗiga wa ƙofa don kada ta yi ƙara.

Ranar Kirsimeti, bayan mun taso daga sujada, ni na ɗauki kular da ɗan kwanon wuya na kai. Baba bai dawo daga kwata ba. Inna ta buɗe, ta shaƙa, ta ce, "Malama dai ba ta tsufa ga miya." Ta ɗauki cinya ta ce bismillah ta kai baki, ina tsaye. Jikokinta uku suka zagaye tire. Ƙaramar cikinsu ta miƙo mini ƙashi ta ce in fasa mata ɓargo. Na fasa mata.

Na roƙi gafarar Allah a ranar, na kuma roƙa washegari. Na gaskata ya gafarta. Sai na ɗauka magana ta ƙare, tunda wanda ya fi kowa ya yafe. Amma duk safiyar da na fito zan tafi makaranta, Baba na ɗaura kaya a babur, in durƙusa in gaishe shi, ya ce, "Lahiya lau, a yi karatu da kyau," sai in amsa kaina a ƙasa, in wuce da sauri.

A watannin zafi na shiga ajin baftisma. Wata dattijuwa ce ke koya mana, tsohuwar nas, kowa a coci Kaka yake ce mata. Muna zama a inuwar bayan coci, tana fifita da kwalin magani. Ita ta fara sa ni jin cewa gafara ba ita ce ƙarshen abin da Almasihu ya yi mana ba. Ta ce wanda aka nutsar cikin ruwan nan an binne shi ne tare da Ubangiji, wanda ya fito kuwa sabon mutum ne, zunubi ba ubangidansa ba ne kuma. Na so maganar ƙwarai. Na rubuta ta a bayan littafina, na yi mata ado da furanni. Ranar da aka yi mana baftisma na fito daga ruwan ina rawar sanyi cikin tsakar zafin Sakkwato, na ce a raina waccan yarinyar mai wuƙar albasa ta mutu, an binne ta, babu mai tono ta.

Sai Babbar Sallah ta zo, farkon damina. Washegarin Sallah Inna ta leƙo ta katanga ta ce in zo in karɓi namu. Na tarar ana suya, tsakar gidan cike da hayaƙi da mata. Cikinsu akwai ƙanwar Baba, wadda ta zo daga ƙauye. Ta dube ni tun daga ɗankwali har silifa ta ce wa Inna, "Wagga ita ta ɗiyar Kiristan? An ce har tuwonsu kuka ci."

"Muna ci, mu lashe hannu," in ji Inna, tana juya nama a kasko. "Gidan Malama ko idona ruhe ina cin abinci. Kajinsu dut maigida ka yanka su. Wagga ɗiya da hannunta taka kawo su, tun tana tsoron zakara. Ko ba haka na ba, ɗiyata?"

Mata suka juyo suna kallona, da murmushi.

"Haka ne, Inna."

Ta zuba mini nama har kwanon ya ƙi rufuwa, ta ƙara mini hanta a hannu ta ce in ci a hanya, na rame.

Wannan ƙaryar ta fi ta farko yi mini ciwo. Ta farko yarinyar da ba a binne ba ce ta yi ta. Wannan kuwa wa ya yi ta? Wata biyu kacal da fitowata daga ruwa, bakina ya amsa kafin in yi shawara da shi, kamar bawan da ya ji muryar ubangidansa. Na kasa cin naman. Na daina rubutu. A coci in ana waƙar 'yanci sai in riƙa motsa leɓe kawai, wannan ma na san wata ƙaryar ce.

Wata Lahadi bayan an tashi na tsaya taya Kaka tattara kujeru, na faɗa mata komai. Ba ta yi mamaki ba. Nas ce, ta ga abin da ya fi wannan.

Na ce, "Kaka, kin ce zunubi ba shi da iko da ni. Ga shi ya kira, na amsa."

"Ya ja ki da igiya?"

"A'a."

"Ya riƙe miki harshe?"

"A'a, Kaka. Ni dai na ji na faɗa."

"To. Ban ce miki zai daina kira ba, jikata. Muryarsa kika sani tun kina ƙarama, dole kunnenki ya motsa. Cewa na yi yanzu in ya kira kina iya ƙin zuwa. Kin taɓa gwadawa?"

Ban taɓa ba. Jira nake in wayi gari in tarar ba na son yin ƙarya, kamar yadda zazzaɓi ke sauka mutum yana barci.

Na ce, "Amma Allah ya riga ya yafe mini."

"Ya yafe. Ba don ya ƙara yafe miki za ki je ba. Matar nan har yau tana yabon ki a kan abin da ba haka ba ne, ke kuma kullum kina gyara wa ƙaryar zama. Ɗauki wancan bencin, bayana ba ya so."

Cikin makon nan na taka turmi na leƙa katanga, abin da na daɗe ban yi ba. Rago ɗaya ya rage wa Baba bayan Sallah. An kwance masa igiya don ya zaga ya ci ɗanyar ciyawar da ta fito a gefen rijiya, amma yana nan a gindin turke, yana zagaya shi daidai tsawon igiyar da babu ita. Ƙasar wurin ta yi da'ira saboda sawunsa. Na daɗe ina kallonsa. A da, da waƙa zan yi da shi in rufe littafi. Ranar na sauka daga turmin na shiga wurin Mama.

Tana duba littattafan 'yan ajinta. Da na gama ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Tun kina goye matar nan take cin abincina," ta ce. Can kuma ta ce, a hankali, "In aka yi shiru, wa zai..." Sai ta kama bakinta da hannu. Mun dubi juna. A ranar na gane ba ni kaɗai ce ke tsoron ɗaurarriyar fuska a gidanmu ba.

Ta ce, "Ba zan je in faɗa a madadinki ba. In kin dawo, ni ma zan shiga in ba ta haƙuri, don kulata ce ta shiga gidan."

Bayan la'asar na tafi. An yi ruwa da rana, ƙasa na ƙamshi. Inna na zaune a tabarma tana tsince shinkafa a faifai. Baba na gefen rumfa yana wasa wuƙaƙensa a dutse. Daga ƙofar gidanmu zuwa tabarmar nan bai fi taku talatin ba, amma a cikinsu na shirya magana kala uku masu daɗin ji. Ɗaya ta ce ban samu kowa ba a lungu. Ɗaya ta ce ban san abin da muhimmanci haka ba. Ɗaya ta ce tsoron faɗan Mama ne ya sa ni. Duk sun zo bakina, a jere, a shirye. Na durƙusa na ce:

"Inna, kajin Kirsimetin bara ba Baba ya yanka ba. Na makara, ya fita. Ni na yanka su da kaina, na ce wa Mama shi ne. Washegarin Sallah kuma da kika tambaye ni, ƙarya na yi miki."

Hannunta ya tsaya cikin shinkafar.

"Mi kinka ce?"

Na maimaita. Karo na biyu ya fi wuya, don yanzu tana kallona.

"Da hannunki?"

"Da hannuna."

"Jikokina sun ci."

"Sun ci, Inna."

Ƙarar dutsen wasa wuƙa ba ta tsaya ba. Daga can Baba ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Na sani."

Inna ta juya. "Ka san mi?"

"Ran jajibirin nan ban yanka ma kowa kaza ba. Da nid dawo ran Kirsimeti kin aje min kwanon wuya, na ɗauki guda na duba. Wuƙa ta bi wurin sau uku ko huɗu. Nic ce wanga hannun mai tsoro na, ba na mai shago ba, ba na kowane namiji ba."

"Ka sani, kay yi shiru?"

"Kun riga kun ci, kun wanke tire. Wanda yac ci bai sani ba, ba shi da laihi wurin Allah. In na hwaɗi, mi za ya ƙaru? Ke da Malama ku ɓata."

"Wuyan hwa?"

"Kyanwa tay yi Kirsimeti."

Babu wanda ya yi dariya. Ya gwada kaifin wuƙar a farcensa, sa'an nan ya dube ni, karo na farko.

"Ta hwarko yarinta ta, na ce wata rana za ki zo. Amma ran da ƙanwata taz zo, ina zaure, na ji ki. Wagga ta yi min ciwo."

Wata bakwai ke nan ina durƙusa masa kowace safiya, yana ce mini a yi karatu da kyau. Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a gefen tabarmar. Na ce su yafe mini. Baba ya ce ya yafe, Allah shi yafe mu baki ɗaya.

Inna ta tsince tsakuwa ɗaya ta jefar, ta tsince wata.

"Ba naman ba na," ta ce. "Bakina nis sa gaban dangin miji saboda ke. Na ce ko idona ruhe." Ta girgiza faifan. "Na yahe. Tashi ki tahi gida, 'yar Malama."

'Yar Malama. Haka take kiran kowace yarinya da sunan uwarta in ba ta saba da ita ba.

Na fito lungu. Na zaci in na faɗi gaskiya zan ji kamar an sauke mini tulu daga ka, in ji waƙa na tasowa. Ban ji ba. Kunya na ji, da nauyin abin da na fasa. Abu ɗaya ne kawai ya bambanta, ƙarami, sai da na kai ƙofarmu na lura da shi: maganganun nan uku masu daɗi sun zo, sun kira ni da muryar da na sani, ban kuwa je ba. Ba ƙarfin halina ba ne, na san iyakarsa, wuƙar albasa ce shaida. An riga an kwance igiyar tun tuni, ni ce ban taɓa taka wajen da'irar ba.

Ba zan ce daga ranar ban sake ƙarya ba. Har yanzu nakan ji "na kusa isowa" ta hau harshena. Wani lokaci takan fita, sai in sake kira in ce a'a, yanzu nake neman takalmi. Ƙawayena suna dariya, suna cewa ba a tambaye ni ba.

Mama ta shiga ta ba da haƙuri, kamar yadda ta ce. Gaisuwa ba ta yanke ba tsakanin gidajen. Da Mama ta kwanta da zazzaɓi a ƙarshen damina, Inna ce ta dama mata kunun tsamiya ta miƙo ta katanga. Ni ta miƙo wa, ta ce, "Karɓi, 'yar Malama."

Da jajibirin Kirsimeti ya sake zagayowa, ban kai ga ɗaukar zakarun ba aka yi sallama a ƙofarmu. Baba ne, da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma. Ya ce wa Mama bana ya ga gara shi ya zo, kada karatu ya riƙe wani. Ya tona ɗan rami a tsakar gidanmu, ya fuskanci gabas. Ni na riƙa miƙa masa su ɗaya bayan ɗaya.

Washegari na ɗauki kula da ɗan kwanon wuya. Inna na gindin dogon yaro, jikoki na wasa a gefenta. Na durƙusa na ajiye. Ta ɗora hannu a kan murfin, ba ta buɗe ba.

"Wa yay yanka?"

"Baba ne, Inna."

Ta dube ni, ba da fushi ba. Sa'an nan ta ɗaga murya wajen rumfa. "Maigida, kai kay yanka?"

"Awo, ni na."

Sai ta buɗe. Ta shaƙa, ta ce Malama ta iya miya, ta kira yaran. Tambayar nan a da babu ita a gidan. Ni na kawo ta, kuma kowace shekara tun daga nan sai an yi ta, a gabana, ni kuma in tsaya har a amsa.

Na ɗauki ɗan kwanon na kai wa Baba a rumfa. Ya buɗe, ya ɗauki wuya ɗaya, ya juya shi a hannu ya duba, don tsokana. Ya ce bismillah.